Da Jamusanci Na Fara Faɗa

Jama'a, alfarma ɗaya nake roƙo kafin ku shiga karatu. Duk wadda ta san ni a Madina, in mun haɗu a Ƙuba ko a asibiti, don Allah ta yi kamar ba ta ga wannan rubutun ba. Wallahi ko yanzu da nake danna wayar nan fuskata zafi take yi.

Sunana Ummu Salma, a gida Salma. A Kano aka haife ni, amma ban san Kano ba sai a hutu, don ina rarrafe Abba ya samu aikin haɗa magunguna a nan ya kwaso mu. A unguwar Ranuna muke zaune, hawa na uku, in na buɗe tagar kicin ina hango hasumiyar masallacin Ƙuba. Nas ce ni, a sashen wankin ƙoda. Bara asibitinmu ya ce zai tura wasu daga cikinmu kwas ƙasar Jamus, amma sai wadda ta ci jarrabawar harshensu. Shi ya sa bayan la'asar, in ba ni da aiki, nake shigewa ɗaki in buɗe kwamfuta in zauna gaban malamarmu, Frau Lindner, wata dattijuwa mai gajeren farin gashi wadda ba ta san wasa ba.

Tare muka yi rajista da Sundus, ƙawata ta wurin aiki. 'Yar ƙasa ce, cikin Hausawan da kakanninsu suka zo Hajji tun zamanin tafiyar ƙasa suka zauna. Ki yi mata Hausa ta mayar miki da Larabci, in ranta ya ɓaci kuma ta haɗa miki biyun a jimla ɗaya. Ita ta fara yi min maganar yayanta, Saif, injiniya ne a wata matatar mai a Yanbu.

Ba sau da yawa na gan shi ba. In ya shigo gari shi yake zuwa ɗaukar Sundus daga aiki. Wata rana na fito na tarar da shi durƙushe a bakin ƙofar asibiti yana gyara wa wani tsohon majinyacinmu takalmi, farar jallabiyarsa duk ta kwashi ƙura bai ma kula ba. Ya ɗago ya ce min, "Sannu da aiki, ina gajiyar ki?" da wata karkatacciyar Hausa. Na amsa wa ƙasa na wuce. Tun daga ranar nake sonsa. To, ga shi na rubuta, kuma ku ne kuka fara gani da Hausa.

A makon da Saif da mahaifiyarsa za su zo ganina a gidanmu muka shiga darasin abin da zuciya ke ji. Malama ta jero mana kalmomi muna maimaitawa. Traurig, mai baƙin ciki. Wütend, wanda ya fusata. Ich habe Angst, ina jin tsoro. Ich schäme mich, ina jin kunya. Sai ta riƙa binmu ɗaya bayan ɗaya da tambaya: "Wie fühlst du dich?" Wato ya kike ji a ranki.

"Gut, alhamdulillah," na ce.

Ta ce ta ji na gode wa Allah, hakan ya yi kyau, yanzu kuma in faɗa mata abin da nake ji.

Na sake cewa "gut". Ta tuɓe tabarau ta ce kullum haka nake amsawa, kuma a jarrabawa wanda ya tsaya a "gut" ya faɗi. Sai na ce bari in gwada ta kunyar, ai ita na fi sabawa da ita. Ina faɗa matar nan ta zaro ido ta ce, me na aikata? Na ce ban aikata komai ba. Ta ce to su wannan kalmar ta wanda ya yi abin da bai dace ba ce. Na yi ta ƙoƙarin gaya mata cewa mu a wajenmu akwai kunyar da ake yabon mace a kanta, har a ce wance ta yi tarbiyya. Ta kawo min wata kalma, na ce ba ita ba ce. Ta kawo wata, ita ma ba ta zauna ba. Sundus tana gefe a allon tana ta yi min dariya.

Su a al'adarsu ta nan akwai abin da suke kira shofa. Saurayi zai zo da mahaifiyarsa, yarinya ta shigo falo da lemo, su ga juna, a yi 'yar magana. Abba ya ce ba laifi, shari'a ta yarda. Gwaggo Hajo ce dai ba ta ji daɗi ba. Yayar Abba ce, ta zo Umara daga Kano ta ce sai ta huta a garin Manzo kafin ta koma, kuma tunda ta sauka gidan nan ya koma hannunta, har Mama sai ta kalle ta kafin ta zuba gishiri a miya.

Ita ta shirya ni. Ta ƙi doguwar rigar da na ɗauko, ta ce sai atamfa, riga da siket, koriya mai ratsin zinare, da mayafi babba. Ta tsugunar da ni a kan kasko har turaren wuta ya sa ni tari. Tana ɗaura min ɗankwali tana ja min kunne.

"Ki saurare ni da kyau. Kanki a ƙasa. Ko uwarsa ta tambaye ki, kar ki kuskura ki buɗe baki. Budurwa shirunta shi ne amsarta. Kika ce uffan, cewa za su yi kin ƙosa, 'yar Sulaiman ba ta da ta ido."

"To Gwaggo in ta matsa fa?"

"Ki tashi ki gudu. Haka na yi, haka uwarki ta yi."

Mama tana bakin ƙofa riƙe da kwanon dabino, ta gyaɗa kai.

Na shiga da tiren lemon mangwaro. Abba ya gaisa da su ya koma ciki, aka bar Mama da Gwaggo. Mahaifiyarsa, Khala Sharifa, mace ce mai jiki da fara'a, zobba cike da yatsunta. Ta jawo ni ta sumbaci kumatuna biyu ta zaunar da ni kusa da ita. Shi kuwa takalmansa kawai na gani, da gefen jallabiyarsa mai guga. Ya tambaye ni aiki, na yi shiru. Ya ce ya ji ina koyon Jamusanci, in koya masa kalma ɗaya mana. Jama'a, kalmomi sun fi ɗari a bakina, amma idon Gwaggo yana kaina. Na ƙara sunkuyar da kai.

Ya ajiye wani ƙaramin akwati ja a kan tebur ya turo shi gabana. Ban taɓa ba.

Khala ta riƙe hannuna ta ce, "To ya binti, ga shi kin gan shi ya gan ki. Ish rayik? Me kika ce? Kin yarda?"

Shiru.

"Kar ki ji tsoro habibti, mu ba ma yi wa yarinya dole. Da bakinki nake son ji."

Zuciyata tana cewa eh, eh, wallahi eh. Sai ga hawaye, ban san daga inda suka zo ba. Na zare hannuna na tashi da gudu, har na yi tuntuɓe da gefen kafet. Ina shiga ɗaki na faɗa kan gado ina dariya cikin filo, ina cewa a raina na yi abin da ya kamata.

Da za su tafi Mama ta bi su har bakin lif da jan akwatin. Ta ce su yi haƙuri su riƙe tukuna, a wajenmu ba a karɓar kaya manya ba su zauna ba. Gwaggo kuwa ta shigo ta shafa kaina ta ce, "Allah ya yi miki albarka, kin fitar da mu kunya."

Washegari Khala ta kira Mama a waya, ina kicin ina jin su. Ta tambaya ko na ce wani abu bayan tafiyarsu. Mama ta yi murmushi irin na mai alfahari ta ce, "Ai Hajiya ba ta ce komai ba. Ko kalma ɗaya." Khala ta ce, "Khair in sha Allah, komai nasibi ne," ta kashe. Mama ta juyo ta ce min sai mu fara shiri, manyansu na tafe.

Manya ba su zo ba. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Abba ya daina tambayar ko an kira. Gwaggo ta fara sakin magana, wai dama mutanen nan sun ga 'yar baƙi ce, kallo kawai suka zo yi. Na ce Mama ko za ta kira ta ji lafiya? Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Mu masu 'ya mace mu kira? Talla muke yi da ke?"

Ban sake tayar da maganar ba.

Sundus ta canza lokacin aikinta, muka daina haɗuwa. Na tura mata saƙo, "Salam ƙawata, kin ɓuya." Ta karanta, sai da yamma ta turo, "Tamam," wato lafiya lau, shi ke nan. Na tura mata hoton aikin gida na ce na kasa lamba ta ƙarshe, ta karanta ba ta amsa ba. Na rubuta "Ya Khala?" na goge. Na rubuta "Na yi wani laifi ne?" na goge. Sunan yayanta kuwa ko a saƙon da zan goge ban iya rubuta shi ba. Abin da na sa a raina shi ne ya gan ni kusa, bai ga abin da yake so ba. Na riƙa tsayawa gaban madubi ina neman inda na gaza, ko hancina ne, ko tuntuɓen da na yi. Abinci ya daina shiga, Mama ta ce ko in sha maganin tsutsar ciki.

Ranar Alhamis da ta wuce muka shiga aji kamar kullum. Ina sanye da tsohuwar rigar barcina na ɗora hijabi a kai, shayi na hucewa a gefe. Malama ta ce yau gwajin baki za mu yi na darasin nan, bibbiyu, a gaban kowa. Kowa zai faɗi yadda yake ji ya kawo dalili da weil, wato saboda. Ta ce ba ta son ƙirƙira, gaskiya take so, don wanda ya faɗi gaskiya ba ya manta kalmar. Akwai likitoci 'yan Masar a ajin, da wani ɗan Sudan, da 'yan mata daga Jidda. Sai na ji ta ce, "Sundus und Salma."

Sundus ta buɗe kyamara, fuskar nan a ɗaure, ko kwalli babu. Na tambaye ta da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji, "Wie fühlst du dich?"

Ta kalli kyamarar kai tsaye.

"Ich bin wütend, weil meine Freundin meinen Bruder beleidigt hat."

Na fusata, saboda ƙawata ta wulaƙanta ɗan'uwana. Kowace kalma na gane, don tare muka haddace su. Malama ta ce madalla, jimla ta tsaya daram. Ɗan Sudan ɗin nan har da tafi.

Ni na wulaƙanta shi? Ni da na yi kwana da kwanaki ina kuka a banɗakin asibiti? Kafin in gama haɗiye wannan Sundus ta jefo min tambayar, "Und du?" Ke fa?

Na buɗe baki zan ce "gut". Wallahi har ta hau harshena. Sai na ga in na faɗe ta, shi ke nan, na rasa shi, kuma ba zan taɓa sanin dalili ba. Ban san yadda zan yi muku bayani ba, amma harshen nan ba wanda ya taɓa yi min faɗa da shi, ba wanda ya taɓa ce min kul a cikinsa. Na runtse ido.

"Ich schäme mich," na ce, "weil ich deinen Bruder mag und nichts gesagt habe."

Ina jin kunya, saboda ina son ɗan'uwanki kuma ban ce komai ba.

Ɗaya daga cikin likitocin ya yi gyaran murya ya kashe kyamararsa. Malama ta ce jimlar daidai take, daga farko har ƙarshe, sannan ta ƙara kallona ta ce ko ina son in ɗan huta? Na rufe kwamfutar da ƙarfi na kifa kaina a kai. A gaban maza, jama'a. A gaban mutanen da ban taɓa gani ido da ido ba.

Wayata ta hau ruri. Sundus.

"Inti majnuna? Mahaukaciya ce ke? Kina sonsa?"

Na kasa magana, sai shessheƙa.

"A'a wallahi, kar ki sake yi min shirun nan! Ummi ta tambaye ki a gabansa, kika yi kuka kika gudu kamar an kawo miki dodo. Kuka biyo mu da hadiyyarsa har lif. Ta kira, mamanki ta ce ko kalma ba ki ce ba. Me kike so mu fahimta?"

"Sundus, ai shi ne eh ɗin."

"Wane ne eh ɗin?"

"Shirun. Da gudun. Haka ake yi a wajenmu. Akwatin kuma jira ake manya su zo."

Ta yi wani dogon salati da Larabci. Ta ce su a gidansu in yarinya ta yi shiru ta mayar da kyauta, an gama, ta ƙi ne cikin ladabi, kuma abin kunya ne a sake komawa a takura mata. Ta ce Saif ya koma Yanbu a ranar ko abinci bai ci ba. Ya hana kowa ya yi min magana, wai kar a matsa min, tunda har kuka na yi.

Na ce, "To ki gaya musu mana. Don Allah ki gaya wa Khala."

"Ba za ta karɓa daga bakina ba. Tun farko ni na ce mata kina so, ta je ta ji kunya. Ta rantse sai dai daga bakin yarinya." Ta ja numfashi. "Salma, ki ji. Yanzun nan ta fita. Unguwar Al-Awali za ta, gidan wata ƙawarta masu gonar dabino, suna da 'ya da za a gano wa Saif. An yi musu alƙawarin zuwa yau."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

"Na turo miki lambarta. Ki kira yanzu, kafin ta sha gahawar mutane. In ta zauna a falonsu magana ta wuce ni da ke. Kuma Ummi ba ta jin Jamusanci, ki nemo wani bakin."

Ta kashe. Lambar ta shigo. Na tsaya ina kallonta, yatsana a sama. Ni Salma, in kira uwar namiji in ce ina son ɗanta? Na ajiye wayar a kan gado. Na ɗauka. Na tuna takalmin tsohon nan da ƙurar da ke jikin farar jallabiya, na ce bismillah na danna.

"Alo? Min? Wa ke magana?"

"Khala, ni ce. Salma. Ina wuni."

Ina jin ƙarar titi ta bayanta.

"Lafiya lau ya binti. Ya mamanki? Khair?"

A daidai nan ƙofar ɗakina ta buɗe. Mama ce da faranti a hannu, ta yanko min kankana, wai ko ita zan iya ci. Gwaggo Hajo na biye da ita da carbi, ta zo karɓar cajar waya. Suka tsaya suna kallona, ni da jiƙaƙƙiyar fuska da waya a kunne.

"Da wa kike magana?" Mama ta tambaya.

"Alo? Salma? Ina jin ki, mun kusa sauka," in ji Khala.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Na juya musu baya na fuskanci labule, na ce a hankali, "Khala, tambayar da kika yi min ranar nan. Na yarda."

"Ish? Ɗaga murya habibti, titi ya cika da hayaniya."

"Na ce na yarda!"

Na ji carbin Gwaggo ya daina motsi.

"Kin yarda da me? Ni ba na son a sake yin kuskure. Faɗa min sosai, wa kike so?"

Ban taɓa kiran sunansa a gaban kowa ba, ko Sundus "yayanki" nake ce mata. Na dafa bango.

"Saif," na ce. "Saif nake so, Khala. Tun ranar nake so, kunya ce ta hana ni."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Gwaggo ta faɗa a bayana. "Yau na ga abin da ya fi ƙarfina."

Cikin wayar kuwa Khala ta rangaɗa wata guɗa da sai da na janye kunnena. Tana yi tana dariya tana cewa, "Ya Allah, 'yan Kano za ku kashe ni!" Sai na ji wata murya ta namiji, kusa sosai, da karkatacciyar Hausar nan da zan gane ko cikin barci. Ashe wayar a lasifikar mota take. Ashe shi yake tuƙa ta.

"Yumma," ya ce wa mahaifiyarsa, "in juya motar?"

"Juya mana, me kake jira? Ranuna za mu. Salma, ki ce wa mamanki ta ɗora gahawa."

Ta kashe. Na daɗe ina kallon labulen kafin na iya juyowa. Gwaggo ta riga ta fice, ina jin ta a falo tana kiran sunan Abba. Mama na nan inda na bar ta. Ba ta yi min tsawa ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Ta ajiye farantin kankanar a kan teburina a hankali, ta mayar da ƙofa ta murza makulli, ta zauna a bakin gadona.

"Zauna," ta ce. "Kafin su ƙaraso, maimaita min abin da kika faɗa wa matar nan. Ki kalle ni ki faɗa."